Abin da ke hana talabijin karɓar hoton na'urar da aka jona masa, da yadda ake gano bakin zaren

Talabijin ba shi da hanyoyi da yawa na sanar da mai shi cewa bai jitu da na'urar da aka jona masa ba. Wani lokaci allon ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci ya rubuta cewa babu sigina, ko kuma ya ce bai san irin tsarin hoton da ake aiko masa ba. Akwai kuma lokacin da hoton zai fito, amma yana ɗaukewa yana dawowa, ko launinsa ya rikiɗe, ko gefe-gefensa su yanke. Abin da yakan fara zuwa a ran mutum shi ne talabijin ɗin ya lalace, ko dikodar, kwamfutar ko na'urar wasan ce ta samu matsala. Sau da yawa kuwa dukkansu lafiyarsu ƙalau. Abin da ya gaza shi ne yarjejeniyar da dole su ƙulla a tsakaninsu kafin hoto ya bayyana, kuma wanda ya san matakan wannan yarjejeniya zai iya gane a wane mataki ta tsinke ta hanyar duban alamar da allon ya nuna.

Kan kebul ɗin HDMI, wato kebul ɗin da ke kai hoto da sauti daga na'ura zuwa talabijin, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen shekarar 2002, yana da 'yan haƙora 19, kuma ba dukkansu ne ke ɗaukar hoto da sauti ba. Da zarar an jona, na'urar da ke aiko hoto tana tura wuta mai ƙarfin bolt 5 ta haƙori na 18, shi kuma talabijin ya amsa ta na 19 don nuna cewa yana nan. Daga nan sai na'urar ta bi ta haƙora na 15 da na 16 ta karanto wani ɗan bayani da ke ajiye a cikin talabijin, wanda ake kira EDID. Ƙungiyar VESA, mai tsara ƙa'idojin na'urorin nuna hoto, ita ce ta tsara shi a 1994, asalinsa bait 128 ne kacal, sannan ake ƙara masa wasu sassa. A cikinsa talabijin yake bayyana sunansa, yawan ɗigon hoton da yake iya nunawa, sau nawa yake iya sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya, da irin launi da sautin da yake karɓa. Na'urar sai ta duba wannan bayani ta zaɓi tsarin da take ganin ya dace. Idan abin da za a kalla yana da kariyar hana kwafi, sai a ƙara wani mataki na tantance juna. Bayan an gama duk wannan ne hoto ke fitowa.

Abin lura a nan shi ne talabijin yana faɗin abin da zai iya ne kawai, yanke shawara kuwa yana hannun na'urar da ke aikowa. Shi ya sa mutum zai iya shafe lokaci mai tsawo yana lalube a saitin talabijin bai ga canji ba, alhali abin da ya kamata a gyara yana cikin saitin dikoda ko kwamfuta.

Saƙon da allon ya rubuta yana da muhimmanci, kuma bai kamata a ɗauki duk saƙonnin a matsayin abu ɗaya ba. Idan ya ce babu sigina, galibi ma'anarsa babu abin da ke isowa ta kafar da aka zaɓa, don haka zargi yana kan zaɓin kafa, ko kebul, ko na'urar da ba ta fitar da komai. Idan ya ce bai san tsarin ba, ko tsarin ya wuce abin da yake iya ɗauka, to wannan labari ne mai ɗan daɗi, domin yana nuna kebul ɗin yana aiki kuma sigina tana isowa, sai dai an aiko ta a siffar da talabijin bai iya karantawa. Idan kuwa shafin farko na na'urar yana fitowa sarai, amma da an kunna fim sai allo ya yi baƙi, to kusan kullum matakin kariyar hana kwafi ne ya gaza.

Matakan farko ba su da wuya, amma ana yawan tsallake su. A tabbatar lambar kafar da aka zaɓa da rimot ita ce wadda kebul yake ciki, a kuma zare shi a mayar har ya zauna daram a ɓangarorin biyu, domin kan da ya ɗan karkace yana iya taɓa wasu haƙora ya bar wasu. Sannan a kashe na'urorin gaba ɗaya. Kashewa da rimot ba ta wadatarwa, saboda yawancin na'urorin yanzu barci kawai suke yi, suna riƙe da bayanin da suka karanta a baya, ko da kuwa gurɓatacce ne. A zare su daga soket, a dakata kamar minti ɗaya, a fara kunna talabijin, sai ya gama tashi a kunna ɗaya na'urar, don ta tarar da shi a shirye ta karanci bayaninsa daga farko. Idan talabijin yana sauya kafa da kansa ko yana kashe na'ura ba tare da an umarce shi ba, a duba tsarin CEC da ke bi ta haƙori na 13, wanda ke bai wa na'urori damar sarrafa juna. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Kashe shi na ɗan lokaci yana nuna ko shi ne ke kawo ruɗani.

Idan wannan bai yi ba, sai a koma ga ƙa'idar da ta fi kowace amfani a wannan aiki, wato a rage haɗin zuwa mafi sauƙinsa, sannan a riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. A cire duk abin da ke tsakani, ko amfilifaya ce, ko na'urar sauti, ko akwatin raba sigina, a jona na'urar kai tsaye da talabijin da gajeren kebul. Daga nan a gwada wata kafa, sai wani kebul, sai wata na'ura a kafar farko. Wanda ya canza kebul da kafa da saiti a lokaci guda, ko da hoton ya dawo, bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da matsalar ta sake tasowa zai koma farko ne.

Matsalar tsarin hoto tana da wani tarko na musamman. A ce an saba amfani da na'urar wasa a kan talabijin mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato 4K, aka kuma kafe saitinta a kan haka maimakon a bar ta ta zaɓa da kanta. Ranar da aka kai ta ga talabijin mai ɗigo 1920 da 1080, za ta ci gaba da aiko abin da ta saba, allon ya ƙi karɓa, kuma ba za a ga shafin saitin da za a gyara ba tunda babu hoto. Masu ƙera na'urorin sun san da wannan, shi ya sa suka bar ƙofar fita. A PlayStation 5, ana kashe ta, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu bayan kimanin daƙiƙa 7, sai ta tashi a yanayin gyara inda ake iya sauya tsarin hoto. A Xbox mai kafar faifai, ana danne maɓallin kunnawa da na fitar da faifai tare har a ji ƙara ta biyu, sai ta tashi da ƙaramin hoto mai ɗigo 640 da 480, wanda kusan kowane allo ke karɓa. A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da harafin P yana fito da zaɓin allon da za a aika wa hoto. Inda babu irin wannan dabara, sai a mayar da na'urar kan allon da take aiki da shi, a sauke saitin zuwa 1080 ko 720, sannan a dawo da ita.

Yawan sabunta hoto ma yana cikin tsarin, ko da yake ba a cika kula da shi ba. Tun zamanin talabijin na da duniya ta rabu gida biyu: ƙasashen da suka bi tsarin PAL, irin su yawancin Turai, suna kan sau 50 a daƙiƙa, Amurka da Japan da suka bi NTSC suna kan kusan 60, fina-finai kuma akasari ana ɗaukarsu a kan hoto 24. Talabijin da aka ƙera don kasuwar da ke kan 60 yana iya ƙin karɓar sigina mai 50 daga dikoda, ko da yawan ɗigon ya yi daidai. Idan kuma ya karɓa amma aka tilasta wa hoton 50 fita a kan 60, za a ga motsi yana ɗan tsalle-tsalle, musamman idan kyamara tana juyawa a hankali ko rubutu yana gudu a ƙasan allo.

Inda aka fi samun ruɗani a yau shi ne yawan bayanan da hanyar ke iya ɗauka, kuma lissafin ya cancanci a tsaya a kansa. Ana auna wannan yawan bayanai da gigabit, kuma kowane zubin HDMI da iyakarsa: HDMI 1.4 na 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, 2.0 na 2013 yana ɗaukar 18, shi kuma 2.1 na 2017 yana kaiwa 48. Hoton 1080 mai sabuntawa sau 60 bai kai gigabit 5 ba, don haka kusan kowane kebul yana wucewa da shi. Hoton 4K mai sau 30 yana buƙatar kusan 9, wanda ya shiga cikin iyakar 1.4. Amma 4K mai sau 60 da cikakken launi yana cin kusan 17.8, wato saura ƙiris ya cike iyakar 2.0, kuma idan aka ƙara zurfin launi daga bit 8 zuwa 10, kamar yadda HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto, ke buƙata, sai ya haura 22, ya fi ƙarfin hanyar. A irin wannan hali na'urar takan rage bayanan launi zuwa tsarin 4:2:2 ko 4:2:0 don hoton ya samu wucewa. A fim da wuya ido ya lura da wannan ragi, amma a ƙananan rubutun kwamfuta, musamman ja a kan baƙi, gefen haruffa yakan yi dishi-dishi. Abin ya yi kama da mota mai kaya da za ta bi ta gadoji uku a jere, wato kafar na'ura, kebul da kafar talabijin: mafi ƙunci a cikinsu ita ce ke yanke girman kayan da zai wuce.

Wannan lissafi yana bayyana alamu da dama. Hoton da ke ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu yana dawowa, ko 'yan fararen ɗigo masu ƙyalli da ke watsuwa a allo, alama ce ta kebul da ke aiki a bakin iyakarsa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sauke hoton zuwa 1080, idan ya tsaya cak, to hanyar ce ba ta iya ɗaukar nauyin. Tsawo yana ƙara tsananta lamarin, domin kebul ɗin tagulla da ke aiki lafiya a mita 2 yana iya gazawa idan ya yi tsawo sosai. Don nisa mai yawa ana amfani da kebul mai zaren haske, wanda ke da alkibla: an rubuta wa kowane kai inda zai shiga, kuma idan aka juya shi babu hoton da zai fito. Game da sayen sabo, ra'ayina shi ne a dubi ajin da aka tantance kebul ɗin a kai, a ƙyale ado da kan zinare. Premium High Speed an gwada shi a kan gigabit 18, Ultra High Speed kuma a kan 48. Siginar lambobi ce, matuƙar ta iso cikakkiya, kebul mai tsada ba ya ƙara wa hoto kyau ko kaɗan.

Akwai kuma wani saiti a cikin talabijin da ke ɓatar da mutane da yawa. Talabijin masu 4K da dama suna fitowa daga masana'anta da kafofinsu a kan yanayin da ya dace da tsofaffin na'urori, wato suna gabatar da bayanin da bai nuna cikakken ƙarfinsu ba. Sai an shiga saiti an buɗe wa kowace kafa ƙarfinta daban. Samsung na kiran wannan Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony kuma ana sauya tsarin siginar kafar zuwa Enhanced. Idan sabuwar na'ura ta ce talabijin ba ya karɓar HDR alhali kwalinsa ya ce yana karɓa, nan ne wurin dubawa na farko. Akasin haka ma yana faruwa: tsohuwar dikoda tana iya rikicewa idan ta karanci faɗaɗɗen bayanin, ta kasa fitar da hoto ko sauti, kuma maganinta shi ne a mayar da kafar kan yanayinta na farko. Kafofin ma ba lallai su zama daidai da juna ba, domin a talabijin mai kafa huɗu wataƙila biyu ne kaɗai ke ɗaukar 4K mai sau 120, kuma yawanci ana rubuta haka a gefen kafar. Lambar 2.1 da ke jikin kwali ita ma ba hujja ba ce, tunda ƙa'idar ba ta wajabta wa mai ƙira ya sa dukkan sababbin abubuwan ba kafin ya yi amfani da lambar. Wannan sassauci bai yi wa mai saye adalci ba, kuma yana tilasta masa karanta jerin abin da kafar ke yi dalla-dalla.

Kariyar hana kwafi, wato HDCP, wadda kamfanin Intel ya ƙirƙira, ita ce matakin da ya fi ban haushi, domin tana iya hana hoto alhali komai yana aiki. Tsohon tsarinta na 1.4 yana rufe hoton 1080, amma fina-finan 4K masu kariya suna buƙatar 2.2 ko sama, kuma dole kowace na'ura da ke kan hanyar ta cika sharaɗin. Sabon talabijin da sabuwar na'urar kallo ba su isa ba idan tsohuwar amfilifaya ce a tsakaninsu. Sakamakon yakan zama baƙin allo, ko saƙon kuskure, ko kuma manhaja irin ta Netflix ta sauke ingancin hoton ba tare da ta yi bayani ba. Wasu talabijin na farkon zamanin 4K kafa ɗaya kawai suke da ita mai 2.2. Mafita ita ce a kai hoton kai tsaye ga talabijin, sannan a dawo da sauti zuwa na'urar sauti ta kafar da aka rubuta wa ARC ko eARC. Masu PlayStation da suka kashe HDCP don naɗar wasa su tuna cewa manhajojin fim ba za su buɗe ba sai an sake kunna ta.

Idan hoton ya fito amma launinsa bai yi daidai ba, to ɓangarorin biyu sun yarda a kan girma, sun saɓa a kan yadda za a fassara lambobin. Allon da ya koma ruwan hoda ko kore gaba ɗaya yana nuna cewa ɗaya yana aiko launi a tsarin RGB, ɗayan yana karanta shi a matsayin YCbCr, ko akasin haka, kuma sake ƙulla haɗin ko kafe tsari ɗaya a saitin na'urar yakan warware shi. Wani saɓanin ya fi wannan ɓoyuwa. Kwamfuta ta saba da ma'aunin haske daga 0 zuwa 255, bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235. Idan aka aiko na bidiyo, talabijin yana jiran na kwamfuta, baƙi zai koma toka-toka, hoton ya yi kamar an yayyafa masa ƙura. Idan aka juya, duhu zai haɗiye duk abin da ke cikin inuwa, har a kasa bambance baƙar riga da daren da ke bayanta. Babu wanda ya fi wani a cikin ma'aunan biyu, abin da ake so kawai su zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. HDR ma iri-iri ne: HDR10 kusan kowa na karɓa, HLG da BBC da NHK suka samar don watsa shirye-shirye, sai HDR10+ da Dolby Vision waɗanda kamfanoni suka rabu a kansu, har ma talabijin ɗin Samsung ba sa karɓar Dolby Vision.

Yankewar gefen hoto kuwa gado ne daga talabijin mai ƙusumbi, lokacin da ake ɗan faɗaɗa hoto don ɓoye dattin da ke bakinsa. Har yanzu wasu suna yin haka, shi ya sa sandar ƙasa ta kwamfuta ke ɓacewa. Ana gyara shi a saitin girman hoto na talabijin, inda LG ke kiransa Just Scan, kuma ya fi kyau a gyara a can da a matse hoton daga kwamfuta, domin matsewar tana rage kaifin rubutu.

Adaftoci suna da nasu sharuɗɗan. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Sai wadda aka ƙera da damar ɗaukar siginar hoto irin ta DisplayPort, kuma wayoyin hannu da kwamfutoci da yawa caji da bayanai kawai tasu ke yi, don haka babu adaftar da za ta sa su nuna hoto ta wannan hanya. VGA tsohuwar sigina ce da ba ta lambobi ba, ba ta ɗaukar sauti, kuma sai da akwatin da ke juya ta za ta shiga HDMI. Irin waɗannan akwatuna hanya ɗaya suke bi, wanda ke mayar da HDMI zuwa VGA ba ya yin akasi. A tsofaffin kebul masu kai uku kuma, idan aka sa rawayan a koriyar kafa ta tsarin da ke raba launi gida uku, hoton yakan fito fari da baƙi, sai dai idan talabijin ɗin ya tanadi kafar don ayyukan biyu kuma an zaɓi wanda ya dace a rimot.

Ba kowane ɗaukewar hoto ne matsala ba. Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci a daidai farkon fim ko ƙarshensa, sake daidaitawa ake yi saboda sauyin yawan sabuntawa ko shiga HDR. Idan kuwa matsalar ta fara ne bayan na'ura ta sabunta manhajarta, a duba ko talabijin ma yana da sabuntawar da ke jira, domin kamfanoni sukan gyara irin wannan rashin jituwa ta wannan hanya.

Alamun lalacewa ta gaske daban suke. A danna maɓallin saiti na talabijin a dubi shafinsa na kansa: idan shi ma yana da layuka, ko launinsa ya ɓaci, ko bai fito ba sam, to matsalar tana cikin allon ko kayan cikinsa, ba ruwan na'urar da aka jona. Idan kafa ɗaya ce ta ƙi kowace na'ura alhali sauran suna aiki, a haska cikinta a duba ko haƙori ya lanƙwashe ko kafar tana girgiɗi. Idan dukkan kafofin sun mutu lokaci guda, musamman bayan tsawa ko hauhawar wuta, kuma na'ura mai lafiya da kebul mai lafiya a kan 1080 ba su fitar da komai ba, to da alama sashen da ke karɓar siginar ne ya ƙone. Wannan aikin mai gyara ne, domin sashen wuta na talabijin yana iya riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.